Yadda Ake Gyara Bes a Ɗaki da Wufa Biyu Zuwa Huɗu

Idan wufa (subwoofer, wato lasifikar bes) ɗaya gare ka a falo, kunna kiɗa mai bes sosai, ka tashi daga inda ka saba zama, ka zagaya ɗakin a hankali. Kusa da bango za ka ji dirin har cikin ƙirjinka. Ka yi taku biyu ko uku zuwa tsakiya, sai ya ɓace kamar an zare waya. A kujera ɗaya ma, wani bugun yana kumbura ya danne komai, na kusa da shi kuma da ƙyar ake jinsa. Da yawa sukan ɗora laifin a kan wufar, su sayo babba, sai matsalar ta ƙara ƙarfi tana nan inda take. Ɗakin ne ke yin wannan aika-aika. Amfanin wufa ta biyu, ta uku ko ta huɗu shi ne a sa bes ya zama iri ɗaya a kowace kujera. Ƙarin ƙarfi yana zuwa, amma gyara ne a kan ciniki.

Mataki na 1: Auna ɗakin, ka san abin da kake faɗa da shi

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka igiyar sauti ta 80 Hz, wato mai kaɗawa sau 80 a daƙiƙa, tsawonta ya kai mita 4.3, ta 40 Hz mita 8.6, ta 20 Hz kuwa kusan mita 17. Igiyoyin bes sun kai girman ɗakin ko sun fi shi. Idan suka bugi bango suka dawo, sai su haɗu da masu fitowa. A wani wuri su taru su yi tudu, a wani wuri su kashe juna su bar rami. Kamar ruwa ne a cikin baho idan ka girgiza shi: gefe da gefe yana hawa yana sauka, tsakiya kuwa kusan ba ya motsi.

Ɗauko tef ka auna tsawo, faɗi da tsayin rufi. Ka raba 172 da kowane awo a mita, abin da ya fito shi ne sautin farko da ɗakin zai riƙe ta wannan fuskar. A ce ɗakinka mita 5 ne a tsawo, 4 a faɗi, 2.8 zuwa rufi. Tsawo zai ba ka kusan 34 Hz, sannan ninkinsa 69 da 103. Faɗi zai ba ka 43 da 86. Rufi zai ba ka 61. Rubuta waɗannan lambobi a takarda, za ka gan su da idonka idan aka zo awo.

Abu biyu za ka riƙe daga nan, domin duk dabarar a kansu take. Na farko, sautin farko na kowace fuska yana da raminsa a tsakiyar ɗaki daidai, na biyu kuma yana da ramuka a kwata da kwata uku. Wufar da aka ajiye a cikin ramin wani sauti ba ta iya tayar da shi. Na biyu, ɓangarori biyu na rami suna adawa da juna: lokacin da iska ke matsewa a wannan gefe, tana sakewa a wancan. Idan ka sa wufa ɗaya a kowane gefe suna turawa tare, ɗaya na tayar da sautin, ɗayar na kwantar da shi.

Idan ɗakinka ba mai kusurwa huɗu ba ne, ko yana buɗe zuwa wani ɗaki, lissafin ba zai faɗa daidai ba. Ka yi shi duk da haka, amma ka fi dogara da awo.

Mataki na 2: Kujera kafin wufa

Kada kan mai sauraro ya kasance a tsakiyar tsawon ɗaki, kada kuma ya manne da bangon baya. A ɗakin misalinmu, mita 2.5 daga gaba shi ne ramin 34 Hz. Matsar da kujera rabin mita gaba ko baya yakan gyara abin da na'ura mai tsada ba za ta gyara ba.

Mataki na 3: Nawa, kuma wane iri

Todd Welti na kamfanin Harman ya yi nazarin wannan tambaya a farkon shekarun 2000, kuma a 2006 shi da Allan Devantier suka wallafa aikinsu a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Abin da ya fito a ɗaki mai kusurwa huɗu shi ne, biyu da aka ajiye da kyau sun fi ɗaya nesa ba kusa ba, huɗu sun ɗan fi biyu, bayan huɗu kuma ribar ba ta taka kara ta karya ba. A ganina, mai kujeru biyu ko uku a layi ɗaya biyu sun ishe shi. Huɗu na mai layi biyu na kujeru ne.

Ka yi ƙoƙari su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Idan ba hali, aƙalla kada ka haɗa rufaffen akwati da mai hujin iska. Ƙarar mai huji tana faɗuwa da kusan 24 dB (ma'aunin ƙarar sauti) duk lokacin da lambar Hz ta ragu da rabi ƙasa da inda aka saita hujin, rufaffe kuwa da kusan 12 dB, kuma a daidai wannan wurin lokacin turawarsu yana saɓawa, har su riƙa cinye juna. Ana iya sasanta su da na'ura, amma aiki ne na mai haƙuri. Haka nan ƙarama da babba: ƙaramar ce za ta fara kuka, ita ce za ta yanke maka iyakar ƙarar da za ka iya kaiwa. Idan kuɗin da ke hannu na babba ɗaya ne ko matsakaita biyu, ni matsakaita biyu zan ɗauka, muddin kowace tana sauka zuwa inda ake buƙata, wato wajen 30 Hz don kiɗa, kusa da 20 Hz don fim.

Mataki na 4: Inda za a ajiye su

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka.

Da wufa biyu, fara gwada tsakiyar bangon gaba da tsakiyar bangon baya. Kowace tana zaune a ramin sautin farko na faɗi, don haka 43 Hz ba ya tashi. Suna kuma fuskantar juna ta tsawo, don haka 34 Hz ya mutu. Tsakiyar bangon dama da tsakiyar na hagu ma haka yake aiki, an juya ne kawai. Idan bayan ɗaki ba wuri, sa duka biyun a bangon gaba, ɗaya a kwatan faɗi, ɗaya a kwata uku. A ɗaki mai faɗin mita 4, mita 1 ke nan daga kowane gefe. Wannan yana kwantar da sautuka uku na farko na faɗi, sai dai bai taɓa na tsawo ba, don haka ya fi dacewa da masu zama a layi ɗaya. Akwai kuma kusurwoyi biyu masu kallon juna a karkace, gaba ta dama da baya ta hagu. Kusurwa tana ba da ƙarfi fiye da ko'ina domin tana tayar da duk sautukan ɗaki, amma takan bar tuddai da za a aske daga baya.

Da huɗu, ko dai tsakiyar kowane bango, ko kusurwoyi huɗu. Na tsakiyar bango ya fi santsi, na kusurwa ya fi ƙarfi.

Akwai wata hanya ta daban da aka san Earl Geddes da ita: wufa uku, ɗaya a kusurwa kusa da manyan lasifikoki, sauran a warwatse ba tare da daidaito ba, ɗaya ma a ɗage ta daga ƙasa idan da hali. Hikimar ita ce kowace tana da tuddai da ramukanta a wurare dabam, idan aka tara su sai su cike wa juna. Ga ɗakin da ba shi da tsari, mai lungu da ƙofofi a buɗe, wannan ya fi amfani da lissafin kwata da rabi.

Abin da ba zai taimaka ba shi ne jera su wuri ɗaya ko ɗora ɗaya kan ɗaya. Za ka sami ƙarin 6 dB, ramukan kuma suna nan daram, domin a wurin ɗakin wufa ɗaya ce babba.

Wanda ba shi da makirufo yana iya yin rarrafe. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, kunna bes mai hawa da sauka, ka durƙusa ka bi gefen bango da kunnenka kusa da ƙasa. Inda ka ji kowane bugu ya fito daidai da ɗan'uwansa, can za ka ajiye ta. Wannan yana nemo wa wufa ta farko wuri don kujera ɗaya. Ta biyu kuwa aikinta cike ramin ta farko ne, kuma kunne kaɗai yana wahalar gano hakan.

Mataki na 5: Wayoyi da maɓallan baya

Duba bayan risibarka, wato amfilifayar sinimar gida da ke rarraba sauti ga lasifikoki. Ramuka biyu na soka wayar wufa ba lalle ne su zama masu zaman kansu ba. A risiba da yawa waya ɗaya ce aka raba a ciki. Shiga saitin lasifika: idan ka ga an ba kowace wufa nata nisa da nata ƙara, to masu zaman kansu ne. Idan ba haka ba, ko ka yi amfani da maɓallan bayan wufofin, ko ka sa ƙaramar na'urar sarrafa sauti a tsakani, irin miniDSP 2x4 HD, wadda ke karɓar waya daga risiba ta fitar da huɗu, kowace da nata jinkiri, ƙara da tacewa. Idan wufofin iri ɗaya ne kuma nisansu daga kujera ɗaya ne, wayar RCA mai reshe biyu ta wadatar.

Duka wufofin sigina ɗaya za su samu. Kada ka ba ɗaya bes na dama ɗaya na hagu, domin kashe sautukan ɗaki yana buƙatar su tura abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ƙasa da 80 Hz kunne ba ya iya nuna inda sauti ke fitowa, don haka ba abin da ka rasa.

A bayan kowace wufa, shiga ta ramin da aka rubuta wa LFE, wanda ke tsallake tacewar wufar, idan akwai, ko ka murɗa maɓallin tacewa, mai yanke sautukan sama, zuwa ƙarshe don kada a tace sau biyu. Maɓallin Phase, mai juya lokacin turawar wufar, a 0. Kashe duk wani ƙarin bes. A risiba, sa duk lasifikoki a Small, har da dogayen, ka sa mararrabar sauti, wato inda lasifikoki ke miƙa wa wufa bes, a 80 Hz, lambar da kamfanin THX ya yaɗa kuma har yau ita ce mafari mai kyau. Ƙananan lasifikoki na iya buƙatar 100 ko 120 Hz, amma a nan wufar baya za ta fara tona kanta. Tacewar LFE ka bar ta a 120 Hz, wannan wani abu ne dabam da mararraba.

Mataki na 6: Awo

Kana buƙatar makirufon awo na USB, irin UMIK-1, da manhajar REW, wadda John Mulcahy ya rubuta kuma ake saukewa kyauta. Makirufon waya ba abin dogaro ba ne a can ƙasa. Kafa makirufon a kan sanda, a tsayin kunnen mai zaune, bakinsa na kallon rufi, ka loda fayil ɗin gyaransa na digiri 90. Kada ka riƙe shi a hannu. Rufe ƙofofi yadda suke kasancewa lokacin kallo, kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka kashe gyaran ɗaki na risibar tukuna.

Auna kowace wufa ita kaɗai daga 10 zuwa 200 Hz, a babbar kujera da sauran kujerun da ake zama, ka ba kowane awo suna da za ka gane. Kada ka sa wa zanen santsi mai yawa, domin yana ɓoye ramukan da kake nema. Yanzu ɗora zanen wufa ta farko a kan na ta biyu. Abin da kake so ka gani shi ne inda ɗaya ta nutse, ɗayar tana sama. Idan duka biyun suna da rami a 60 Hz a kujera ɗaya, babu saitin da zai cike shi. Tashi ka ja ɗaya, ko da rabin mita ne, ka sake aunawa.

Mataki na 7: Daidaita ƙara

Hanya biyu ce. Ko ka sa kowace ta ba da ƙara ɗaya a kujera, ko ka sa su yi aiki daidai wa daida. Ga wufofi iri ɗaya na fi son ta biyu. Ja kowace zuwa wuri ɗaya a tsakiyar ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, makirufo a ɗan taƙi kaɗan daga bakinta, ka murɗa har su ba da lamba ɗaya, sannan ka mayar da su wurarensu. Idan ka bi ta farko, wadda ke nesa za ta riƙa wahala fiye da ta kusa, ita ce kuma za ta fara gazawa a wurin fashewar bam a fim. Banda guda: wufar da ke dab da bayan kujera, wannan sai an rage mata.

Mataki na 8: Lokaci

Sauti yana cin santimita 34 a milisakan ɗaya, wato mita ɗaya kusan milisakan 2.9. Idan wufar baya ta fi ta gaba kusa da kai da mita ɗaya, fara da ba ta jinkirin milisakan 3. Mafari ne kawai. Kunna su tare ka auna. Haɗin ya kamata ya hau sama da kowace ita kaɗai a kusan ko'ina, da 3 zuwa 6 dB. Inda haɗin ya faɗi ƙasa da guda ɗaya, suna cin juna a wurin. Juya Phase na ɗaya zuwa 180 ka sake gwadawa, sannan ka riƙa ƙara jinkiri rabin milisakan rabin milisakan. REW yana da sashen daidaitawa da ke nuna maka sakamakon haɗin kafin ka taɓa komai, muddin ka yi awon da alamar lokaci.

Ka duba sauran kujeru a kowane canji. Saitin da ya fi kyau a kujerarka yana iya rusa daidaiton da ka sha wahalar samu, musamman a tsarin gaba da baya, inda kashe sautin tsawo ya dogara da su tura tare. Sau da yawa rashin jinkiri gaba ɗaya ya fi kyau ga ɗakin baki ɗaya. Zanen da kake nema shi ne wanda layukan kujeru suka bi juna, ko da suna da tudu, domin tudun da kowa ke da shi ana iya aske shi sau ɗaya.

Da uku ko huɗu, daidaita biyu, ka ɗauke su a matsayin ɗaya, ka ƙara ta uku. Ko ka miƙa aikin ga Multi-Sub Optimizer, manhaja ta kyauta da ke karɓar awon kowace wufa a kowace kujera daga REW, ta lissafa jinkiri, ƙara da tacewar da za su rage bambanci tsakanin kujeru. Tana da wuyar koyo a ranar farko. Dirac Live Bass Control yana yin makamancin wannan a cikin risibar da ke ɗauke da shi.

Mataki na 9: Aske tuddai

Yanzu wufofin sun zama ɗaya, sai a gyara su tare. Rage tuddai, ka ƙyale ramuka masu zurfi da ƙunci. Rami wuri ne da igiyoyi ke kashe juna, idan ka ƙara ƙarfi, mai kashewar ma ta ƙaru. Ƙarin 3 dB yana cin ninki biyu na wutar amfilifaya, ƙarin 10 dB ninki goma, ramin kuma ba zai cika ba. Tacewa uku zuwa biyar sukan isa. Idan kana amfani da Audyssey, YPAO ko wani gyaran risiba, yanzu ne lokacin kunna shi, bayan an gama wuri da lokaci. Ga mai hujin iska, kada ka ƙara komai ƙasa da inda aka saita hujin, domin a can fatar wufar tana kaɗawa ba abin da ke riƙe ta.

Soson da ake mannawa a bango ba ya taɓa bes. Kwatan igiyar 40 Hz ya wuce mita 2, soso mai kaurin yatsa uku bai san tana wucewa ba.

Mataki na 10: Haɗa su da manyan lasifikoki

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke sa bugun ganga ya yi laushi. A wajen 80 Hz wufofi da lasifikoki suna aiki tare, idan lokacinsu ya saɓa sai rami ya buɗe a daidai inda naushin kiɗa yake. Auna lasifikar tsakiya tare da wufofi, ko ta dama da ta hagu idan kiɗa ka fi ji. Sannan ka riƙa ƙara nisan wufa a saitin risiba da santimita 30 kowane karo, kana aunawa, har ka sami inda tsakanin 60 da 100 Hz ya fi cika. Idan wufofin suna da nisa dabam-dabam a saitin, ƙara musu adadi ɗaya don kada ka ɓata abin da ka yi a mataki na 8.

Idan ka ga risiba ta rubuta wa wufa nisan da ya fi na tef, kada ka gyara. Na'urar da ke cikin wufar tana jinkirta sauti, haka ma na'urar aikawa ba waya, risibar kuma ta lissafa da wannan.

Marar makirufo ya kunna sautin 80 Hz tsantsa, ya juya Phase na duka wufofin zuwa akasin inda suke, ya nemi nisan da sautin ya fi raunana a kujera, sannan ya mayar da maɓallan. Kunne ya fi saurin gane inda sauti ya mutu fiye da inda ya cika.

Daga nan sai ƙarar ƙarshe. Risiba takan daidaita kowace lasifika a 75 dB da sautin gwajinta. Bayan an aske tuddai, bes ɗin zai yi maka kamar ya ragu, domin kumburin da ka saba ji ya tafi. Ba shi 'yan kwanaki. Idan har yanzu da saura, ƙara 2 zuwa 4 dB daga risiba, kada ka taɓa maɓallan bayan wufofin.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Kunna sauti mai hawa a hankali daga 20 zuwa 100 Hz ka bi abin da ke karkarwa: gilashin taga, hoton bango, ƙofar kabad, murfin fitila. Ɗan roba ko soso a bayansu ya isa. Idan wufar nesa tana gurnani a 50 ko 60 Hz ko da ba a kunna komai ba, yawanci soket dabam-dabam ne ko wayar eriya suka jawo. Gwada haɗa kayan a layin wuta ɗaya, ko ka sa na'urar raba ƙasa (ground loop isolator) a wayar sigina, amma kada ka cire ƙafar ƙasa (earth) ta fulogi, ita ce kariyarka daga shokin. A bene mai daɓen katako, ƙafafun roba a ƙarƙashin wufa suna rage girgizar da ke sauka wa na ƙasa, ko da yake bes ɗin da ke bin iska zai ratsa bango duk da haka. Ka ɗauki hoton maɓallan baya, ka manna ɗan tef a ƙasa inda kowace wufa take, ka ajiye fayilolin awo, domin ranar da aka matsar da kujera ko aka shigo da babban kabad, daga mataki na 6 za ka sake farawa.